Gasar Fatsar Gashi Don Marayu a Gaɓar Jidda: Ta Ina Za a Fara?

Wani ɗan'uwa mazaunin Jidda ne ya aiko da tambaya. Ya ce su matasan Hausawa ne, wasu a Jidda wasu a Makka, sun saba fita kamun kifi ranar Asabar. Sun ga yadda a Amurka ake shirya gasar kamun kifi da fatsar gashi, wato ƙugiyar da aka ɗaure wa gashi ta yi kama da abincin kifi, a ruwan gishiri mara zurfi, ana tara kuɗin taimako, su ma suna son yin irinta don marayu. Yana neman sanin ta inda za su fara, kayan da ake bukata, kifin da za a nema, da yadda ake ƙirga maki.

Ɗan'uwa, Allah ya ba da ladan niyya. Abin zai yiwu, amma da sharaɗin kada ku ɗauko tsarin Fulorida ku dasa shi a Bahar Maliya. Ruwan ba iri ɗaya ba ne, dokar ƙasa ba iri ɗaya ba ce, kuma akwai abin da su can ba sa damuwa da shi wanda ku dole ku damu da shi.

Ku fara da maganar kuɗi, domin nan ne ake shiga uku tun ba a jiƙa ƙafa ba. A Saudiyya ba a yarda mutum ko gungun abokai su tara gudummawar jama'a da kansu ba, ko da niyyar ta kai fari tas. Sanya lambar asusun wani a WhatsApp a ce a turo kuɗin marayu laifi ne, kuma ga mai zama da iƙama yana iya jawo abin da ya wuce tara. Hanyar da ta dace ita ce ku nemi wata jam'iyyar agaji mai lasisi, daga cikin waɗanda Cibiyar Ƙasa ta Ƙungiyoyin da Ba Na Riba Ba ke kula da su, ta karɓi taron a ƙarƙashin sunanta. Ko kuma kowane mai shiga ya biya sadakarsa kai tsaye ta manhajar Ehsan, wadda gwamnati ta buɗe a 2021, ya nuna muku rasit. Wannan ta biyun ta fi sauƙi ga gasar farko, don kuɗin sadaka ba ya ratsa hannun kowa a cikinku. Abin da zai rage a hannunku shi ne kuɗin hidima kawai: hayar jirgi, ruwan sha, ƙanƙara, abinci, allon awo. Ku raba biyun tun a takardar sanarwa, a ce misali riyal 200 sadaka ta Ehsan, riyal 150 kuɗin hidima. Mutum 40 ke nan sun tara riyal 8,000 na marayu wanda ko sisi ba a taɓa ba. Inda ake haɗe su wuri guda, hayar jirgi ce ke cinye rabi, daga baya a zo ana kallon juna.

Sai kyautar waɗanda suka ci. Kada ta fito daga kuɗin masu gasa. Idan kowa ya zuba, wani ya kwashe, jumhurin malamai suna ganin wannan caca ce, in ban da abin da nassi ya keɓe na tseren doki da raƙumi da harbin kibiya. Ku nemi wani na gefe wanda ba ya cikin gasar, mai shagon kayan kamun kifi ko wani attajiri, ya ba da kyautar: sanda, makinar naɗi, akwatin ƙugiyoyi. Akwai kuma wata dabara da ke ƙara tara kuɗi ba tare da shubuha ba, wato alkawarin santimita. Kowace ƙungiya ta samo wanda zai ce duk santimita ɗaya na kifin da suka auna zai ba da riyal ɗaya sadaka, da iyakar da ba zai wuce ba. Ku rubuta tsarin gaba ɗaya ku kai wa malamin da kuka amince da shi kafin ku yi shela.

Izini na biyu na ruwa ne. Kamun kifi yana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma, fita teku kuma yana hannun Haras al-Hudud, masu tsaron iyaka. Wurare da yawa a gaɓa an hana shiga: kusa da tashoshin jirage, masana'antun tace ruwan gishiri, wuraren sojoji, da filayen manyan ayyukan yawon buɗe ido. Mutum biyu da sanduna daban, mutum arba'in da motoci goma da tuta daban. Ku je ofishin Haras na yankin da kuka zaɓa da takarda a hannu, ɗauke da rana, awanni, sunayen masu shiga da lambobin jirage. Ku tambayi kuma jerin kifayen da aka rufe kamunsu a lokacin. Ma'aikatar kan rufe kamun najil da taradi, wasu kifayen murjani, na wata biyu lokacin hayayyafarsu, Afrilu da Mayu, kuma tarabani, babban kifin nan mai ƙullutu a goshi, ba na taɓawa ba ne. Ni a ganina ku cire duka ukun daga gasar kacokan, ko a wane wata ne.

Yanzu ruwan kansa. A yawancin tekunan duniya mai shirya irin wannan gasa jadawalin cikowa da janyewar teku yake fara dubawa. A tsakiyar Bahar Maliya, daidai Jidda da Port Sudan da ke tsallake, wannan hawa da saukar na kullum ƙanƙani ne ƙwarai, 'yan santimita ne da da ƙyar suke kai taku ɗaya. Abin da ke motsa ruwan shi ne iska da yanayin shekara. Da hunturu tekun ya fi cika, har bambancin ya kai wajen rabin mita, da bazara kuma ya ja baya. Filin da kuka leƙa a Agusta kuka tarar da shi iya idon sawu, ko ma a bushe, a Janairu yana iya kai gwiwa ko cinya. Don haka wanda zai duba wuri ya duba shi cikin mako biyu kafin gasa, ba wata huɗu ba. Idan kuma iskar arewa ta kwana uku tana kaɗawa da ƙarfi, takan tura ruwan kudu, filayen su rage zurfi, kifin ya koma bakin sha'ab, wato jerin duwatsun murjani da ke iyaka da zurfi.

Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa Maris. Da bazara ruwan da bai wuce gwiwa ba yana ɗumama har ya haura digiri 33, iskar shaƙa ta ragu a cikinsa, kifin da aka ja da ƙarfi aka sake shi ba lallai ya rayu ba. Masu gasar ma haka, tsayuwar awa biyar cikin ranar Yuli ba wasa ba ce.

Wahalar da ke cikin zaɓen awanni ita ce rana da iska ba sa jituwa. Wannan fatsa ta gani ce: kana tafiya a hankali cikin ruwa, ka hango kifi, ka jefa masa. Ba a gani sosai sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 9. Iskar arewa maso yamma kuma, wadda ita ce ta gida a wannan gaɓa, takan fara ƙarfi ne kafin azahar, zuwa la'asar ta tayar da ƙananan igiyoyin ruwa da ke rufe gani. Awannin da aka dace da duka biyun ba su fi uku ko huɗu ba. Shawarata a taru bayan sallar asuba, a karanta dokoki, a fara ƙarfe 7, a tsaya ƙarfe 12.30, a yi azahar tare a gaɓa. Awa biyun farko na neman bayad ne, kifi mai tsagaggiyar jela da ƙarfin ja, a bakin zurfi, inda ba sai an gan shi ba, sauran kuma na filin gani.

Akwai abin da kusan duk sabon hannu ke karo da shi a gaɓar Saudiyya ta Bahar Maliya. Gaɓar tana kallon yamma. Da safe hakan alheri ne, rana na bayanka, ruwa ya buɗe maka. Amma in ka fuskanci yamma, arewa na hannun damanka, wato iska na bugo kafaɗar da kake jifa da ita, tana turo igiya da ƙugiya kan kunnenka da ƙeyarka. Bahago ne kaɗai ke jin daɗin wannan gaɓa. Na dama sai dai ya karkata yadda iska za ta koma bayansa, ko ya juya wa kifin baya ya sauke jifan ta baya. Saboda haka hula da tabarau su zama doka, ba shawara ba, kuma a danne ƙayar kowace ƙugiya da filaya. Ƙugiyar da ba ƙaya tana fita daga bakin kifi cikin daƙiƙa biyu, daga kunnen mutum ma haka.

Wurin da za a nema shi ne fili mai yashi da ɓaraguzan murjani tsakanin gaɓa da sha'ab, ko bakin sharm, wato inda teku ya kutsa cikin ƙasa, ko gefen itatuwan shura da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Akwai irinsu a arewa wajen Thuwal da Rabigh, da kudu wajen Al-Lith. Ku raba filin gida-gida, kowace ƙungiya ta mutum biyu da aƙalla mita 200 nata, a jefa ƙuri'a, a yi musanya bayan awa biyu. Mutum arba'in a fili guda korar kifi ce kawai. Kuma a taka yashi, kada a taka murjani mai rai.

Kayan aiki kashi biyu ne. Na yau da kullum sanda ce mai tsawon ƙafa 9, lamba 9 (lambar ƙarfin sanda da nauyin igiyarta), da makina mai rufaffen birki wanda gishiri ba ya shiga, da igiya mai yawo a saman ruwa wadda aka yi don ƙasashen zafi. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. A wannan fatsa nauyin igiya ne ke kai ƙugiya, ba dalma ba, kuma igiyar da aka yi don kogunan Turai da ta ji zafin Jidda sai ta yi laushi, ta manne a zoben sanda, ta riƙa cukurkuɗewa. A bayan igiya a naɗa zaren ajiya mita 200 zuwa 250. A gabanta zaren gaba mai tsawon ƙafa 9 zuwa 12, ƙarshensa fulorokabon, wani zaren roba mai tauri, mai ƙarfin fam 16 zuwa 20, don ya fi jure gogar murjani. Ƙugiyoyi kuwa lamba 2 zuwa 6, waɗanda aka ɗaure su yi kama da ƙaguwa ko jatan lande, launin yashi ko ruwan ƙasa, da ɗan nauyi a ido yadda bakin ƙugiya zai kalli sama in ta nutse, da ɗan zaren kariya don kada ta maƙale a dutse. Kashi na biyu na babban bayad ne, wanda ake kira GT: sanda lamba 12, zaren gaba guda ɗaya miƙaƙƙe na fam 100 zuwa 130, ƙugiya 6/0 mai gashi baƙi ko ruwan toka mai tsawon tafin hannu, zaren ajiya mita 300. Ba kowa ne zai sayi wannan ba, kuma ba dole ba ne. Shagunan kayan kamun kifi na Jidda sun fi cika da kayan jefa koton ƙarfe da na zurfi, don haka a yi odar kayan da wuri. Gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a lita, ya fi na manyan tekuna da ke wajen 35, shi ya sa duk abin da ba a wanke da ruwan daɗi a ranar ba, makon gaba za a tarar da shi da tsatsa.

Wani zai kawo muku dokokin IGFA, ƙungiyar da ke riƙe da kundin bajintar kamun kifi ta duniya tun 1939. A dokarta ta fatsar gashi, siririn sashen zaren gaba ba ya wuce ƙarfin kilo 10, tsawonsa aƙalla inci 15, kaurin da ake ƙarawa a baki kuma ba ya wuce inci 12. An yi wannan ne don masu neman shiga kundi. Ku da kuke son a saki kifi da rai, kauri ya fi muku, domin yana gajarta kokawa. Ku bar wa kowa ƙarfin zarensa, ku tsaya kan abu uku: jifa da igiyar fatsar gashi, babu koto ko ƙamshi a ƙugiya, babu watsa abinci a ruwa don tara kifi.

Kifin da zai fi zuwa hannu shi ne ƙananan bayad, musamman mai shuɗin fiffike, da sha'ur mai kiwo a kan yashi, da agam, dogon kifin nan mai haƙora wanda ke yanke zare sai an sa masa ɗan waya. Wanda kuma zai raba gwani da ɗan koyo shi ne tiriga, mai faɗin jiki da haƙoran fasa ƙaguwa, kifin da ya sa masu wannan fatsa daga Turai da Afirka ta Kudu suka riƙa zuwa gaɓar Sudan, arewa da Port Sudan. Za ka hango jelarsa a waje tana kaɗawa, kansa a ƙasa yana tono. In ka jefa a kansa ya gudu. Ka jefa kamar mita ɗaya a gabansa, ka bari ƙugiya ta taɓa ƙasa, ka ja igiya kaɗan-kaɗan, tsawon yatsa. Zai biyo, ya dunƙufar da kai. A nan ake asararsa: hannu na son ɗaga sanda sama, ɗagawar kuma fizge ƙugiyar take yi daga bakinsa. Sanda ta zauna ƙasa tana nuna kifin, a ci gaba da jan igiya da hannun hagu har a ji nauyi. Da ya ji ƙarfe rami yake nufa, ya shige ya miƙe ƙayar bayansa ya kulle kansa kamar an sa sakata, don haka daƙiƙun farko ne na hana shi. Bayan kowane tiriga a duba ƙugiya, yakan lanƙwasa ta ko ya gutsure ta, kuma kada yatsa ya kusanci bakinsa. Shi GT akasin haka ne, ja mai tsawo da sauri yake so, birki a ɗaure, in kuwa ya kai bakin sha'ab igiyar ma sai ta tsinke, shi ya sa ake ɗaukar ta biyu a jaka.

Maki da tsawo ake ba da shi, ba da nauyi ba, don awon nauyi na bukatar rataye kifi ko kawo shi gaɓa. Kowace ƙungiya a ba ta allon awo iri ɗaya daga wurin masu shiri, mai katanga a gefe guda inda bakin kifi zai tsaya, da wata alama da ba a bayyana ta sai da safen ranar, misali kati mai lamba. Hoton da ba a ga alamar a ciki ba, ko baki bai taɓa katanga ba, ko hannu ya rufe jela, ba ya shiga lissafi. Ku faɗi tun farko ko zuwa tsagin jela ake aunawa ko zuwa ƙarshenta, don a kifi irin bayad bambancin yana kai santimita da dama, kuma a nan ne gardama ke tashi. Ga tsarin da zan ba da: santimita ɗaya maki ɗaya ga agam, biyu ga sha'ur da ƙananan bayad, uku ga GT, huɗu ga tiriga. Ƙasa da santimita 25 ba ya ƙirguwa. Manyan uku kaɗai ake ɗauka daga kowane iri, in ba haka ba wanda ya dace da garken ƙananan bayad zai tsaya wuri guda ya lashe gasa. Wanda ya haɗa iri uku a ƙara masa maki 100. In an yi kunnen doki, wanda hotonsa ya riga shiga shi ya ci. Alƙalai su zama mutum uku da ba sa gasa kuma ba su da ɗan'uwa a ciki, hukuncinsu shi ne ƙarshe.

Wajen sakin kifi, a jiƙa allo da hannu kafin a taɓa shi, don busasshen hannu na kwashe yauƙin da ke kare fatarsa. Mai ɗaukar hoto ya shirya waya tun kifin na cikin ruwa, a ɗaga, a ɗauka, a mayar, kada ya wuce daƙiƙa 10 a iska. Ba a sa yatsa a cikin kunnuwansa, ba a kwantar da shi a yashi mai zafi. A riƙe shi a ruwa har ya iya miƙewa ya ƙwace da kansa, domin wanda aka saki yana tangaɗi abincin kirsh ne, wato kifin shak. In kirsh ya fara zagaya wuri, a bar wurin. Wanda ya mutu duk da haka babu maki a kansa, amma kada a jefar, a sa a ƙanƙara a ci, ba a wasa da rai a banza.

Lafiyar mutane ma na bukatar mai kula guda wanda ba ya riƙe da sanda. Takalmi mai kaurin ƙasa da ya rufe idon sawu wajibi ne, silifas ba ya shiga ruwa. Akwai kifin dutse da ba a bambanta shi da dutsen, akwai kunamar ruwa da ke binne kanta a yashi, akwai bushiyar teku, akwai dodon koɗi mai siffar mazurari da ke harbi in an ɗauka. A riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa, kunamar ruwa in ta ji motsi tashi take. Harbin kifin dutse ko na kunamar ruwa ana tsoma wurin a ruwan zafi na wajen digiri 45, na minti 30 zuwa 90, ana kan hanyar asibiti, don haka fulas biyu na ruwan zafi da bokiti su kasance a gaɓa, kuma mai jinya ya gwada zafin da hannunsa tukuna. Kowa da lita 4 na ruwan sha. Lambar Haras 994 ce, ta motar asibiti 997, a yankin Makka kuma 911 na aiki. A ƙirga mutane lokacin shiga ruwa, a sake ƙirgawa lokacin fita.

Abu guda da nake jin zai iya kashe gasar farko shi ne ƙarancin waɗanda suka iya jifan. Hannun da ya saba da jefa dalma ba ya koyon wannan a rana ɗaya. Ku ware Asabar huɗu kafin gasa ku yi atisaye a fili, da ɗan ulu a madadin ƙugiya, da faranti a nisan mita 12 zuwa 15. Wanda ke sauke ulu kusa da farantin cikin lilo biyu ko uku, iska na kaɗawa, ya isa shiga. Sauran ku buɗe musu rukuni na daban na sandar jefa ƙarfe, da dokar awo da saki iri ɗaya, da kyautarsu daban. Sadakarsu daidai take da ta kowa, kuma su ne za su cika adadin.

Ku sanya ranar madadin tun a sanarwar farko, Asabar mai biyowa. Ku rubuta cewa in Cibiyar Hasashen Yanayi ta Ƙasa ta yi gargaɗin iska, ko Haras suka hana fita, an ɗage ke nan, za a sanar da daren Juma'a kafin ƙarfe 9. Ku rubuta kuma cewa sadakar da aka biya ta Ehsan ta tafi ko an yi gasa ko ba a yi ba, kuɗin hidima ne kaɗai ake mayarwa, bayan an cire abin da mai jirgi ya riƙe na kafin alƙalami.